Mece ce "takardar amincewar al'umma" a kuɗin rigakafin ƙanjamau?

Takardar amincewa wasiƙa ce da wakilan al'umma ke sa wa hannu bayan sun karanta kasafin da hukumar lafiya ta tsara don rigakafin cuta mai karya garkuwar jiki. A cikinta suke faɗin ko kuɗin sun bi abin da aka tsayar tun farko, ko sun kauce hanya. Tambayar da take amsawa ɗaya ce: abin da jama'a suka ce shi ne a gaba, shi ne kuwa ya samu kaso mai tsoka?

A Amurka tsarin ya samo asali. A ƙarshen 1993 hukumar CDC mai kula da yaƙi da cututtuka ta gindaya sharaɗi ga ma'aikatun lafiya 65 da take ba kuɗin rigakafi, wato na jihohi 50, da birnin Washington, da wasu manyan birane irin su New York da Chicago da San Francisco, da yankunan da ke ƙarƙashin ƙasar. Sharaɗin shi ne daga 1994 kowace ma'aikata ta kafa kwamitin tsare-tsare tare da mutanen da cutar ta fi shafa. Shugabanni biyu ake yi wa kwamitin, ɗaya jami'in gwamnati, ɗaya daga al'umma. Su duba alƙaluman masu kamuwa a yankinsu, su jera rukunonin da suka fi buƙata daga na ɗaya zuwa ƙasa, su kuma zaɓi irin aikin da ya dace da kowane rukuni. Idan ma'aikata ta rubuta takardar neman kuɗi, sai ta dawo da ita gaban kwamitin. Amsa iri uku ce: mun amince, ko mun amince amma da ƙorafi, ko ba mu amince ba. Ƙin amincewa ba ya tsayar da kuɗi kai tsaye, amma yana tilasta wa mai ba da kuɗin ya tsaya ya tambayi dalili, wani lokaci ya sa a gyara.

Hikimar a bayyane take, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai sanin wurin yoyon bai isa ba in ba a ga inda kuɗin gyaran suka tafi ba, kuma a nan ne aikin yake da wuya.

Takardu biyu ake ajiyewa a kan tebur. Ta farko jerin da kwamiti ya yi, tana magana ne da mutane: mata masu juna biyu, masu yi wa kansu allurar ƙwaya, mata masu zaman kansu, matasa. Ta biyu kasafin ma'aikata, ita kuma tana magana da albashi, man mota, kuɗin otal na taron bita, buga fosta, sayen kayan gwaji. Babu layin da zai ce maka "wannan na rukuni na ɗaya ne". Dole wani ya zauna ya warware kowane layi: ma'aikacin da ake biya albashin nan, su wa yake gani a mako? Motar nan, wace unguwa take shiga? Sau da yawa sai an yi wannan warwarar ake gano cewa babban kaso ya tafi ga abin da ake kira wayar da kan jama'a baki ɗaya, alhali rukunin da aka sa a sama bai samu abin kirki ba. Tallan rediyo da allon gefen titi ba sa jawo wa jami'i surutu. Kai kwaroron roba da kayan gwaji wurin waɗanda jama'a ke ƙyama kuwa yana jawowa, don haka kuɗi kan zame zuwa inda babu tsegumi.

Ba kowane saɓani ne ha'inci ba, wannan ya kamata a faɗa. Wataƙila wani mai tallafi daban ya riga ya ɗauki nauyin rukuni na ɗaya, ko dokar ƙasa ta hana kashe kuɗin a kan abin da kwamiti ya zaɓa. An daɗe a Amurka ana hana sayen allurai masu tsabta ga masu allurar ƙwaya da kuɗin gwamnatin tarayya. Abin da ake nema shi ne a rubuta dalilin a fili, kowa ya gani.

Irin wannan tunani ya shafe mu ta hanyar Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002. Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru duk suna neman kuɗinsa ne ta wani kwamitin ƙasa da ya haɗa gwamnati da ƙungiyoyin farar hula da masu ɗauke da cutar, kuma ana buƙatar sa hannun mambobin kafin takarda ta tafi Geneva, inda hedkwatar Asusun take. A zangon 2023 zuwa 2025 an ƙara da cewa a haɗa da jerin buƙatun al'umma har guda 20, ko sun shiga kasafin ko ba su shiga ba. Ma'ana akwai rubutacciyar shaida da za a iya riƙewa a gwada da abin da aka kashe.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar, amma Kudu maso Kudu na da 3.1, Arewa maso Yamma 0.6, kuma mata sun ninka maza har da ɗoriya. Kasafi iri ɗaya ba zai yi wa Akwa Ibom da Jigawa daidai ba. Inda aka ce kare jarirai daga kamuwa ne a gaba, hujjar tana ɗakin awon ciki: mace ta zo, ungozoma ta buɗe kabad, akwai kayan gwajin ko sun ƙare?

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ake kawo takardar. A miƙa wa wakili kundi mai kauri da Turancin ƙwararru ana gobe za a aika, a ce ya sa hannu kada ƙasa ta rasa kuɗi. Wannan sa hannun bai auna komai ba. Wakili na da haƙƙin ya nemi kasafin da wuri, a rarrabe masa shi rukuni-rukuni, a kuma nuna masa abin da aka kashe bara, ba abin da aka yi alkawari kawai ba.

Buƙatar hakan ta ƙaru tun Janairun 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare, har da PEPFAR, shirinta na yaƙi da ƙanjamau a ƙasashen waje. An bar maganin masu ɗauke da cutar ya ci gaba, amma maganin kariya kafin kamuwa aka taƙaita shi ga masu ciki da masu shayarwa. A tsakiyar shekarar Asusun Duniya ma ya rage kason ƙasashe, ya ce kowace ta sake duba abin da za ta ajiye. A irin wannan zama ne ya kamata a fito da jerin nan na al'umma, a bi shi layi-layi kafin a soke ko da abu ɗaya.