LilyPad Arduino

LilyPad Arduino ƙaramar kwamfuta ce da aka ƙera don a ɗinke ta a jikin yadi da allura da zare mai ɗaukar wutar lantarki. Zagayayya ce, launinta shunayya, faɗinta kusan santimita 5, kuma gefenta na da ramuka 22 da aka zagaye da ƙarfe, inda allura ke shiga. Leah Buechley ce ta tsara ta a Jami'ar Kolorado da ke Boulder a Amurka, kamfanin SparkFun kuma ya fara sayar da ita a 2007. Masu binciken zane-zane sun ɗauke ta a matsayin misalin binciken da ake yi ta hanyar ƙera abu, a gwada shi a hannun mutane, a koyi darasi daga yadda ya yi aiki ko ya ƙi.

Tarihi

Haɗa yadi da lantarki ya girmi LilyPad. Wajen 1997 Rehmi Post da Maggie Orth, a ɗakin binciken Media Lab na jami'ar MIT, suka yi surfani da zaren ƙarfe a ƙirjin wata jaket ɗin jins, surfanin ya zama madannai masu fitar da sauti idan an taɓa su. A kusan lokacin ne masu bincike a jami'ar Georgia Tech suka saƙa riga mai wayoyi a cikin saƙarta don lura da lafiyar soja. Duk waɗannan ayyukan ƙwararru ne a ɗakin gwaji, mai ɗinki a gida bai da hanyar shiga.

Nan Buechley ta sa gaba. Tana karatun digirin digirgir a wani rukuni mai haɗa sana'ar hannu da fasaha a ƙarƙashin Michael Eisenberg. Samfuranta na farko, wajen 2006, da yadi mai ɗaukar wuta ta yi su, ana yanke shi da leza a manna da dutsen guga. Sun yi laushi, sai dai haɗa kowane ɗaya na cin lokaci, shi ya sa wanda ya shiga kasuwa ya koma allo mai tauri. An gwada kayan a tarukan koyarwa da yara da matasa, abin da suka ɗinka da inda suka cije shi ya gyara tsarin. Aikin da ya fi yaɗuwa shi ne jaket ɗin mai keke da fitilun sigina a baya.

Wajen 2009 ta kafa rukunin High-Low Tech a MIT, wanda ya wuce yadi zuwa takarda da fenti da katako. Daga cikinsa Hannah Perner-Wilson ta bi hanyar ƙera sassan lantarkin kansu da hannu, Jie Qi kuma ta mai da hankali kan takarda da tef ɗin tagulla.

Sassa

Allon farko na ɗauke da guntun ATmega168V, wanda shi ne ƙwaƙwalwar allon, daga baya aka koma ATmega328. Yana aiki da volt 2.7 zuwa 5.5, kuma da manhajar Arduino ta yau da kullum ake rubuta masa umarni (Arduino na asali ƙaramin allon kwamfuta ne na masu koyon haɗa kayan lantarki). Akwai ƙananan sassa masu irin ramukansa: fitilun LED, mazaunin batir, sansar haske da ta zafi da ta motsi, da ƙaramin amsa-kuwwa.

Zare da ɗinki

Zaren iri biyu ne. Na nailan mai rufin azurfa ya fi daɗin ɗinki, amma azurfar na dusashewa da gumi da wanki, wuta ta riƙa raguwa. Na bakin ƙarfe marar tsatsa ya fi ƙarko, sai dai yana da tauri, yana kuma tashin gashi. Kowanne yana tauye wuta fiye da wayar tagulla nesa ba kusa ba, sau da yawa ohm 10 zuwa 30 (ohm shi ne ma'aunin tauye wuta) a tsawon ƙafa ɗaya, gwargwadon kaurinsa. Don haka fitilar da ke nesa da batir takan yi dishi-dishi. Maganinsa a gajarta layin ko a ninka zaren.

Ana fara zana hanyar wutar a yadin da alli. A zaga zaren sau uku ko huɗu a ramin, a ja shi ya kama ƙarfen sosai, don sako-sako shi ke sa fitila ƙyaftawa idan mai rigar ya motsa. Daga nan a tafi da ƙananan ɗinki zuwa sashe na gaba, a ƙulle, a yanke. Kowane layi da zarensa. Wanda ya zarce da zare ɗaya daga ƙafar fitila zuwa ɗayar ƙafar ya haɗe wutar ke nan, fitilar ba za ta kama ba, ƙaramin batirin mai kamar kwabo (CR2032 mai volt 3) kuma ya ƙare nan da nan. Ƙullin na warwarewa saboda santsin zaren, sai a ɗiga masa jan-farce marar launi ko gam ɗin yadi. Jelar zaren da aka bari a baya ita ce ta fi jawo matsala, musamman idan yadin ya naɗe layi biyu suka taɓa juna, shi ya sa ake rufe layukan da fentin yadi ko wani ƙyalle. A keken ɗinki, a zaren ƙasa ake sa shi. Ba a liƙa na nailan da dalma, narkewa yake yi. Kafin a sa batir ana bin kowane layi da mitar gwada wuta.

Wanki da hannu ake yi da ruwan sanyi, bayan an cire batir, a shanya.

Tasiri da muhawara

A wani nazari na 2010, Buechley da Benjamin Mako Hill sun gano cewa mata ne suka yi kashi 65 cikin 100 na ayyukan LilyPad da suka duba a intanet, a Arduino na asali kuwa kashi 2. Wasu na ganin wannan ya buɗe ƙofa, wasu na cewa ya ƙara ɗaure mata da allura ne. Kamfanin Adafruit ya fitar da makamancinta mai suna Flora a 2012.