Ma'anar "feminist" da 'yar jaridar da ta amsa sunan

A Facebook da TikTok, da zarar mace ta ɗaga murya kan ciyarwa ko karatun 'ya mace, sai ka ji an ce "ai 'yar feminist ce". Wasu gori suke nufi, wasu kuwa yabo. Asalin ma'anar dai ita ce mutum, mace ko namiji, mai rajin kada doka ko al'umma su tauye wa mace hakki don kawai ita mace ce.

Daga Faransanci kalmar ta fito, kuma da ba'a ta soma. A 1872 marubuci Alexandre Dumas ƙarami ya yi amfani da ita wajen yi wa mazan da ke goyon bayan mata shaguɓe. A 1882 wata 'yar jarida, Hubertine Auclert, ta karɓi sunan hannu biyu ta kira kanta da shi.

Abin da take nema a fili yake. A 1848, shekarar da aka haife ta, Faransa ta bai wa kowane baligi namiji ƙuri'a, ta bar mata a waje. Matar aure ko albashinta ba ta da iko da shi sai a 1907. Auclert ta ga cewa muddin maza kaɗai ke zaɓen masu yin doka, kukan mata ba zai wuce ƙofar majalisa ba. Shi ya sa ta nace wa ƙuri'a, har wasu abokan gwagwarmayarta suka ce ta cika gaggawa. A ganina ita ce ta hango gaskiya.

A 1880 ta ƙi biyan haraji, hujjarta kuwa wanda ba a tambayi ra'ayinsa kan yadda za a kashe kuɗi ba, bai kamata a tatse shi ba. A 1881 ta kafa jaridar La Citoyenne, wato 'yar ƙasa. Ta zauna Aljeriya daga 1888 zuwa 1892, ta kuma yi rubutu kan halin da matan Larabawa ke ciki ƙarƙashin mulkin mallaka. A 1908, tana da shekara 60, ta shiga rumfar zaɓe a Paris ta kifar da akwatin ƙuri'a.

Ta rasu a 1914 ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba. Sai a 1944 aka bai wa matan Faransa wannan hakki, suka fara zaɓe a 1945.