Zanen Abstraction Lyrique a Faris Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Abstraction lyrique wani salon zane ne da ya taso a birnin Faris bayan an gama yaƙi a 1945. A wannan salo mai zane baya zana mutum ko gida ko bishiya, abinda za ka gani a jikin zanen shine sawun hannunsa, inda ya ja burushi da ƙarfi, inda fenti ya zuba, inda ya kankare. Kafin nan masu zanen da babu siffa sun fi son murabba'i da da'ira da layi na awo, su kuma waɗannan matasa da suka ga yaƙi da idonsu sai suka ce wannan lissafin yayi sanyi da yawa.

Georges Mathieu shine mai baki a cikinsu. A 1947 ya ga zanen Wols, wani Bajamushe da aka tsare a sansani a Faransa lokacin yaƙi, abin ya girgiza shi, kafin shekarar ta ƙare ya haɗa baje kolin L'Imaginaire a gidan baje zane na Galerie du Luxembourg da ke Faris. Mathieu yakan matse fenti daga kwalinsa kai tsaye kan kyallen zane, a 1956 ma a gaban jama'a cike da gidan wasan Sarah-Bernhardt ya zana kyalle mai tsawon mita 12 cikin ɗan lokaci kaɗan. Pierre Soulages kuma baƙin launi ya riƙe, da farko da ruwan ɓawon gyaɗar turawa (walnut) irin wanda kafintoci ke shafa wa katako yake jan manyan layuka.

Amma wanda ya fi dacewa a tsaya a kansa Hans Hartung ne. An haife shi a Leipzig a 1904, ya bar Jamus saboda 'yan Nazi, ya shiga rundunar sojan Faransa ta 'yan ƙasashen waje har ya rasa ƙafa ɗaya a 1944. In ka kalli baƙaƙen layukansa za ka rantse cikin minti ɗaya ya watsa su, alhali shekara da shekaru ƙaramin zane yake fara yi a takarda da sauri, sannan ya zauna ya auna ya kwafe shi a babban kyalle a hankali har ɗigon da ya faɗo bisa kuskure, sai wajen 1960 ya koma zana kai tsaye. Wannan bai rage masa komai ba, aiki ne na mai haƙuri da ya san darajar motsin hannu na farko.

Irin wannan salon ba na Faransawa kaɗai ba ne. Zao Wou-Ki ya zo Faris daga Sin a 1948, a Japan ƙungiyar Gutai ta kafu a 1954 inda Kazuo Shiraga ke rataye da igiya yana murza fenti da ƙafa, a Amurka kuma ga mai zane Jackson Pollock. Hartung ya ci babbar kyautar baje kolin birnin Benis na Italiya a 1960, a 1964 Ba'amurke Robert Rauschenberg ya ɗauke ta, lokacin kasuwa da 'yan jarida duk sun karkata Niyu Yok.