Jingar Kogin Misisipi da Ɓacewar Fadamun Gaɓar Luwiziyana

Fadamun gaɓar tekun jihar Luwiziyana, a kudancin Amurka, ƙasa ce da kogin Misisipi ya gina da laka da yashin da yake kwasowa daga tsakiyar nahiyar. Alƙaluman hukumar binciken ƙasa ta Amurka sun nuna cewa daga 1932 zuwa 2016 ruwa ya cinye kimanin murabba'in kilomita 5,000 na wannan gaɓa, wato kusan kashi ɗaya bisa huɗu nata. Cikin manyan dalilai akwai aikin da aka yi don kare mutane daga ambaliya.

Yadda ƙasar ta samu

Masana suna ƙiyasta cewa kogin ya shafe kimanin shekara 7,000 yana wannan gini. Duk bazara yakan tumbatsa ya shimfiɗa sabuwar laka a fadama, kuma bayan shekaru ɗaruruwa yakan bar hanyarsa ya kama wata mafi kusa da teku. Irin wannan ƙasa kullum lotsawa take yi saboda laka na matsewa. Muddin sabuwa na zuwa, ba a ganin giɓi.

Tarihin jinga

Faransawa ne suka fara ɗaga jinga, wato ganuwar ƙasa a gefen kogi, jim kaɗan bayan kafa birnin New Orleans a 1718. Masu gonaki suka ci gaba da tsawaita ta, kowa a gaban filinsa. A tsakiyar ƙarni na 19 injiniyoyi suka yi saɓani: Charles Ellet ya ba da shawarar a bar wa ruwa mafita a kuma gina matattarar ruwa a sama, shi kuwa Andrew Humphreys, a rahoton da suka fitar da Henry Abbot a 1861, ya tsaya a kan jinga. Ra'ayin Humphreys ne ya yi rinjaye, kuma hukumar kogin da aka kafa a 1879 ta bi wannan hanya shekaru da dama. A wajajen lokacin ne James Eads ya gina katangu a ɗaya daga bakunan kogin domin jiragen ruwa, abin da ya sa ruwan ke tunkuɗa lakarsa can cikin teku. An kuma toshe rassan kogin ɗaya bayan ɗaya, har da Bayou Lafourche a wajen 1904.

Ambaliyar 1927 ta nuna iyakar wannan dabara. Ruwa ya mamaye kusan murabba'in kilomita 70,000, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, har aka fasa jinga da nakiya a Caernarvon don a ceci New Orleans. Dokar 1928 ta ɗora aikin a hannun injiniyoyin sojan Amurka, waɗanda suka ƙara wa jingar tsayi da kauri, suka gina hanyoyin rage ruwa irin Bonnet Carré a 1931. A 1963 aka kammala ginin Old River, wanda ke hana kogin karkata gaba ɗaya zuwa Atchafalaya, wani reshensa mai gajeriyar hanya zuwa teku. Kashi 30 cikin ɗari na ruwan kawai ake bari ya bi can.

Aikin ya ceci rayuka da garuruwa, wannan babu musu. Amma daga nan fadamar ta daina shan ruwan kogi. Ƙasa ta ci gaba da lotsawa ba mai cike ta, ruwan gishiri ya kutso ya kashe ciyayi da itatuwan da saiwoyinsu ke riƙe da laka. Madatsun ruwan da aka gina a kogin Misuri, irin Garrison da Oahe, su ma sun tare laka tun daga sama, har abin da ke isowa ya ragu da fiye da rabi.

Shaida mafi ƙarfi cewa rashin laka ne ke cinye fadamar tana bakin Atchafalaya da mashigar Wax Lake da aka haƙa a farkon shekarun 1940: inda aka bar laka ta isa ruwa maras zurfi, sabuwar ƙasa tana fitowa tun bayan ambaliyar 1973.

Sauran dalilai

Akwai dubban kilomita na magudanan da kamfanonin mai da gas suka haƙa, da hauhawar ruwan teku, da guguwa irin Katrina da Rita a 2005. Ana taƙaddama kan kason kowanne.

Halin da ake ciki

Tsibirin Isle de Jean Charles, mazaunin 'yan asalin ƙasar, ya rasa kusan duk filinsa, aka ware kuɗin sauya wa mutanensa matsuguni a 2016. Jihar na da shirin gyaran gaɓa tun 2007. Babban aikin karkatar da lakar kogin zuwa fadamar Barataria, wanda masunta da masu kiwon kawa (wata dabbar ruwa mai ɓawo da ake ci) suka yi adawa da shi, an fara shi a 2023, aka soke shi a 2025.