Ma'anar "ɗan reluwe", da yadda layin dogo ya yaye 'yan siyasa

Idan dattijo a Sabon Garin Zariya ko a Kafanchan ya ce maka "ai mahaifina ɗan reluwe ne", kada ka ɗauka lalle direban jirgi yake nufi. Kalmar reluwe aro ce daga Turanci, amma Bahaushe ya lanƙwasa ta daidai harshensa, ya kuma yanka mata gurbinta daban. Abin hawan shi ne jirgin ƙasa. Ƙarfen da yake bi shi ne layin dogo, ko dogo a taƙaice. Abin da kan jirgi yake ja, na mutane ko na kaya, shi ne tarago. Reluwe kuwa ita ce ma'aikatar baki ɗayanta: tasha, da ofis, da wurin gyaran injuna, da gidajen ma'aikata, da su kansu ma'aikatan. Shi ya sa ake cewa kwatas ɗin reluwe, ko filin reluwe, ko "ya yi ritaya daga reluwe".

Ɗan reluwe, ke nan, shi ne duk wanda yake cin abinci a wannan ma'aikata. Leburan da ke bin dogo da guduma yana duba ƙusoshi ɗan reluwe ne. Haka mai zuba kwal a bakin wutar injin, da mai yankan tikiti, da akawu, da mai buga wayar tangaraho, har shugaban tasha.

Jirgi ya iso Kano a 1911, ta layin da aka taso da shi daga Baro a bakin Kogin Kwara. Daga baya dogo ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai 1964. Labarin gyaɗa da auduga da fatu da jirgin ya riƙa kwasa zuwa Ikko sananne ne. Abin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ya fi jan hankalina, shi ne irin mutumin da wannan aiki ya ƙera.

A zamanin da yawancin talakawa ba su san wata hukuma ba sai dagaci da hakimi, ɗan reluwe albashinsa ba daga baitulmalin En'e yake fitowa ba. Hakimi ba shi da ikon korarsa daga aiki. Yau yana Minna, baɗi an yi masa canji zuwa Inugu ko Jos, maƙwabcinsa a kwatas Bayarabe ne ko Ibo ko Banufe, kuma dukkansu kukansu ɗaya: kuɗi ba ya isa, Bature kuma ya fi su albashi nesa ba kusa ba. Jaridun Ikko a jirgi suke zuwa Arewa, saboda haka shi ke fara ganinsu. Ya saba da lokaci, ya saba da rubuta takardar koke, ya san yadda ake kiran taro a tara kuɗin ƙungiya. Wanda ya iya waɗannan, ai siyasa ta riga ta shigo masa gida.

A watan Oktoba na 1948, Malam D. A. Rafih, wanda sufeto ne mai kula da zirga-zirgar jirage a reluwe, ya kira taro a Kaduna aka kafa ƙungiyar da aka sa wa suna Jam'iyyar Mutanen Arewa A Yau. A daidai lokacin, Dakta R. A. B. Dikko da abokansa suna nasu yunƙurin a Zariya. Haɗuwar ɓangarorin biyu ce ta haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. Sardauna da Tafawa Ɓalewa kowa ya san su, kuma sun cancanta. Amma ina jin zafin yadda sunan Rafih ya kusa ɓacewa, alhali a gari irin Kaduna, wanda jirgi da bariki suka raya, irinsa ne suka fara tara mutane wuri ɗaya.

Wanda ya fi kowa fito da ma'anar kalmar fili shi ne Michael Imoudu, mutumin ƙasar Edo ta yau, ma'aikaci a wurin gyaran injuna na reluwe a Ikko. Ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa da ya jagoranta ita ce ta fara samun rajista a Nijeriya, a 1940. Turawa sun tsare shi a 1943, suka sake shi a 1945, bai daɗe da fitowa ba aka shiga babban yajin aiki a watan Yuni na shekarar, wanda ya wuce kwana 40, a kan ƙarin kuɗin tsadar rayuwa. Ƙarfin yajin a hannun 'yan reluwe yake, don in jirgi ya tsaya, gyaɗa ta tsaya, kwal ya tsaya, wasiƙa ma ta tsaya.

Mutanen Kano da Kaduna sun sake saninsa a Jamhuriya ta Biyu. Ya shiga PRP tare da Malam Aminu Kano, da jam'iyyar ta dare biyu kuma shi ya shugabanci ɓangaren gwamnonin nan biyu, Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Su ne 'yan santsi, na wajen Malam kuwa 'yan taɓo. Ko wane ɓangare mutum yake so, abin lura ne a ce tsohon ma'aikacin reluwe daga Kudu ya zama uban tafiyar gwamnoni biyu na Arewa. Ya rasu a 2005, yana da shekara sama da 100.

A yau kalmar ta fi rayuwa a sunayen wurare da bakin tsofaffi. Matashin da zai hau jirgin Abuja daga Rigasa, layin da aka buɗe a 2016, "tashar jirgi" yake cewa, da wuya ka ji reluwe a bakinsa. Na san wani tsoho a unguwarmu da ya yi aikinsa a tasha har ya yi ritaya. Duk taron unguwa shi ke riƙe littafi, ko na gyaran kwata ne ko na zaɓen kansila. In an ce ƙarfe huɗu, huɗu saura yana kan tabarma, agogonsa a tafin hannu, wanda ya makara kuma sai ya rubuta sunansa da lokacin da ya iso. Yara na ce masa Baba Reluwe, shi ma da sunan yake amsawa.