Wai me ake nufi da "kariyar kai" a kanel?

Duk mai leƙa harkar Linux ko tsaron waya zai riƙa cin karo da wannan magana, kariyar kai ta kanel, kuma da yawa sun ɗauka wani anti-bairos ne da ake saukewa a saka. Ba shi ba ne. Kanel ɗin ma ba Kanar na soja ba ne fa, shi ne zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ko waya, shi ke raba wa kowace manhaja memori, shi ke magana da furosesa da kyamara da komai, kuma Android ɗin da ke hannunka kanel ɗin Linux ne a ƙarƙashinta, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. In ƙaramar manhaja ta rikice sai ka rufe ka sake buɗewa. Amma wanda ya samu shiga kanel ya gama da kai, don babu wani a samansa da zai ce masa dakata.

Kanel ɗin Linux ya haura layin kod miliyan 30, yawancinsa da yaren C, shi kuwa C bai damu ba in ka rubuta abu a inda ba naka ba a memori, zai bar ka. A 2019 Microsoft da kansu suka ce kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da suke toshewa matsalar memori ce. To kariyar kai ba toshe kurakurai ɗaya bayan ɗaya ba ne. An riga an sallama cewa kuskure yana nan, ba a dai gano shi ba, sai a gina kanel ta yadda ko ɗan kutse ya samo kuskuren ba zai tsinana masa komai ba. Da wannan tunani Kees Cook, wani injiniyan tsaron kanel, ya buɗe wani shiri na musamman a Linux a 2015, duk da cewa mutanen PaX, wani tsohon aikin ƙarfafa tsaron kanel ɗin Linux, sun riga kowa tun wajen 2000, kuma gaskiya da yawan dabarun daga wurinsu aka kwaso.

Ga yadda abin yake a ƙasa. Ana yanka memori ne shafi-shafi, yawanci kowane shafi bayit 4096, kowanne da izininsa: a karanta, a rubuta, ko a gudanar da abin da ke ciki a matsayin umarni. Dokar farko ita ce kar shafi ɗaya ya haɗa izinin rubutu da na gudanarwa. In ana iya rubutu a wurin to ba a gudanarwa, in ana gudanarwa to ba mai taɓa shi. Da can ɗan kutse zai zuba kod ɗinsa a wurin ajiye bayanai ya sa furosesa ta bi ta kai, shi ke nan. Da AMD suka kawo alamar NX, wato ta hana gudanarwa, a furosesoshinsu a 2003 sai ita furosesar da kanta take ƙi, masu OpenBSD, wata babbar manhaja irin Linux, su ma a shekarar suka kawo tasu dokar mai suna W^X. Har akwai bayanan da kanel yake rubutawa sau ɗaya lokacin tashi sannan ya kulle su, shi kansa bai ƙara iya canza su ba sai an sake kunna na'ura.

Sai 'yan kutse suka ce to shi ke nan, ba za mu saka kod a gidan kanel ba, za mu ajiye a namu ɓangaren na manhaja mu yaudare shi ya tsallako ya gudanar mana da cikakken ikonsa. Maganin wannan shi ne SMEP da Intel suka kawo a 2012, daga baya SMAP ya zo ya hana kanel ko taɓa bayanan manhaja sai ta ƙofar da aka tanada. A furosesar ARM, irin ta wayoyi, sunansu PXN da PAN, aiki ɗaya suna daban.

Wanda ya fi burge ni shi ne kanari. E, tsuntsun nan dai. Masu haƙar kwal a Ingila suna shiga rami da shi a keji, in iska mai guba ta taso shi ke fara faɗuwa sai kowa ya fice. A kod kuma, a ce an ware wurin da zai ɗauki bayit 64 sai wani ya turo 200, ragowar za ta malala ta bi ta kan abin da ke maƙwabtaka, ciki har da adireshin da furosesa za ta koma in ta gama aikin da take yi, wanda ya iya tsara malalar nan shi ke zaɓar inda za ta koma. Da irin wannan tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai kwafin kanta, ta yaɗu a intanet a 1988. Sai aka ce a dasa wata lambar sirri tsakanin wurin ajiyar da adireshin, kafin a koma a duba ta, in ta canza an san an yi ambaliya, nan take kanel zai tsayar da komai. Na'urarka za ta mutu a hannunka kana cikin aiki, haushi kam akwai, amma gara hakan da a ce wani ne ke tuƙa ta ba ka sani ba.

KASLR kuma canza wa kanel mazauni ne a memori duk lokacin da aka kunna na'ura don kar a san inda za a nufa, ya shigo Linux a 2014. Ni dai ban cika ba shi girman da ake ba shi ba, adireshi ɗaya tak ya zube a wani wuri an lissafo sauran. Shi ya sa in ka buɗe /proc/kallsyms ba tare da cikakken iko ba, a yawancin na'urori za ka ga sunayen ayyukan kanel jere amma adireshinsu sifiri ne zalla, ɓoyewa aka yi da gangan. Da ɓarakar tsaro mai suna Meltdown ta fito a Janairun 2018 ma ta nuna ita furosesar ce ke tsegunta sirrin, dole aka kawo KPTI aka raba taswirar memorin kanel da ta manhajoji, aka haƙura da ɗan saurin da aka rasa.

Akwai kuma batun rubuta bayanin waɗannan kariyoyi, wanda mutane suke rainawa. Kasancewar kariya a cikin kod ɗin Linux ba ya nufin tana kunne a na'urarka. Wata sai an zaɓe ta lokacin harhaɗa kanel, wato mayar da kod ɗinsa abin da na'ura za ta iya gudanarwa, wata sai furosesarka tana da ita, wata kuma kalma ɗaya wajen tashi ta kashe ta, rubuta nokaslr kawai ya isa. Mai haɗa waya ko rauta (na'urar raba intanet) da ke gaggawar kai kaya kasuwa, in bai ga an rubuta ƙarara me abu yake karewa da nawa yake ci a sauri ba, kashewa zai yi. Akwai takarda a cikin kod ɗin kanel, Documentation/security/self-protection.rst, da ta zayyana manufofin, kai ma kana iya duba naka, a kwamfuta fayil ɗin saitin yana yawan zama a /boot, sannan /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities/meltdown zai faɗa maka ko an kare ka ko furosesarka ba ta da matsalar tun asali.

Ko suna kaɗai yana iya yin ɓarna. Saitin da ke kulle kod ɗin kanel ya hana a rubuta a kansa, shekaru ana kiransa DEBUG_RODATA, wanda duk ya ga kalmar farkon nan zai ɗauka kayan gwajin masu gyaran kod ne, ba abin da za a bari a kunne a na'urar da za a sayar ba. Sai a 2017 aka canza masa suna zuwa STRICT_KERNEL_RWX, aikinsa bai canza ba.