Waiwaye: dokokin muhalli da buhun gawayi a Gombe

Wata musiba ce ta haifar da dokokin muhalli a Najeriya. A 1988 aka gano dattin masana'antu mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu, kuma a shekarar ce gwamnatin soja ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 aka wajabta auna illar duk wani babban aiki kafin a fara shi, sai hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, NESREA, a 2007. Batun iskar kabon mai ɗumama duniya kuwa bai samu gindin zama ba sai bayan yarjejeniyar Paris ta 2015. A 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, ya kuma yi alkawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce wanda ake iya shanyewa ba.

Mu a Gombe muna da masana'antar siminti ta Ashaka mai ƙona kwal ɗin Maiganga, amma murhun gidajenmu ya fi damuna. Jiharmu na cikin jihohi 11 na shirin katangar bishiyoyi na tare gurgusowar hamada, kuma a 2019 Gwamna Inuwa Yahaya ya ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G (Gombe Goes Green). Aiki ne mai kyau. Sai dai tun 2016 aka janye tallafin kananzir, a 2023 aka cire na fetur, naira ta faɗi, gas ɗin girki ya yi tashin gwauron zabo. Uwargidan da ta saba da gas ta jingine tukunyar a lungu, ta aiki yaro sayen gawayi a leda. Can cikin daji kuwa ana kayar da kirya da marke, a jera gungumen, a lulluɓe da ƙasa, ya yi kwanaki yana hayaƙi kafin buhuna su fito bakin titi. Dashen bana ba zai maye gurbin kiryar da ta shekara da shekaru tana girma ba.

Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2024 ya duba manufofin rage hayaƙi 1,500 a ƙasashe 41, ya tarar sau 63 kacal aka samu raguwar hayaƙi ta a-zo-a-gani, kuma galibi inda aka haɗa matakai ne. Misali, Birtaniya ta tsauwala kuɗin fitar da kabon daga 2013, ta tallafa wa lantarkin iska da rana, ta sa wa tashoshin kwal wa'adi. Ta ƙarshensu ta rufe a 2024.

A nan, kowace manufa tafiyarta take yi ita kaɗai, wata ma tana warware abin da wata ta ƙulla. An cire wa gas harajin VAT, gaskiya ne, amma kuɗin tukunyar kanta ya fi ƙarfin talaka, kuma a yawancin ƙauyuka babu inda za a cika ta sai an hau mota zuwa gari.